Rabona a Bikin Fitilun Indiyawa

Jiya ina cikin cunkoson Diwali, bikin fitilun Indiyawa, sai na ji an riƙo mayafina. Anti Sudha ce, tsohuwar maƙwabciyata a Greenbelt.

Shekarun baya a falonta aka fara bikin nan, har kujeruna suka ara. Yanzu wurin ajiye mota ma sai mai rabo.

Ta miƙo min abinci. Na san sukan fara kai shi gaban abin bautarsu, sai na ce, "Anti, na ƙoshi."

Ta yi dariya. "Ci, 'yata. Naki tun a kicin na ɗebe, kafin a kai gaban abin bauta."

Wallahi ban taɓa gaya mata damuwata ba. Na cinye tas, idona da ƙwalla.

Ku fa, wa ya taɓa kiyaye muku addininku ba ku roƙa ba?