Dutsen Yamusa a Kan Uwar Maƙera

Yamusa mutumin Tungan Maje ne, manomin doya, kafin ƙafa ta ja shi Gana haƙar lu'ulu'u. Shekara goma sha ɗaya ya yi cikin rami, ruwa iya gwiwa, yana tace wa wani oga tsakuwa. Da aka kori baƙi daga can a sittin da tara, ya dawo da wando ɗaya, da tari, da ɗan dutse kamar ƙwayar gyaɗa ɗinke cikin laya.

Ya tarar yanar ido ta fara rufe idanun matarsa Azumi, ƙawata tun muna 'yan mata. An ce aiki ne, sai Kano, kuma kada a jinkirta. Yamusa ya ce dutsen nan zai kai ta.

Da ma ya toshe kunne ya hau mota. Amma ina, sai da ya nuna wa mutane. Dutsen ba ya ƙyalli, dushi-dushi yake kamar an shafa masa mai, don haka aka yi ta dariya, wai fasasshiyar kwalba ya ɗauko tun daga Gana. Mato maƙeri, wanda bai taɓa wuce Zuba ba amma ya san komai, ya ce ai lu'ulu'u ya fi ƙarfe ƙarfi, in na gaske ne ko masaɓa, gudumar maƙera, ba ta iya masa. Yamusa ma haka ya sha ji a bakin rami. Zuciya ta ɗebe shi, ya ɗora dutsen da hannunsa a kan uwar maƙera.

Bugu ɗaya Mato ya yi. Dutsen ya tarwatse cikin toka da ƙasa, aka kwashe da dariya, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Azumi ta ce ba komai, cutarsa aka yi, Allah ya isar masa.

Mijina Andrew kafinta ne. Ya tsinci ɓarɓashi ɗaya ya kafa a bakin kara, ya ja a kan gilashin tagar coci da yake gyarawa, gilashin ya rabu kamar an yanka sabulu. Ya tambayi wani mai gyaran agogo a Minna, mutumin ya ce masa lu'ulu'u ne tsantsa: ba abin da ke karce shi, amma duka yana fasa shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Andrew ya sami Yamusa a gona ya gaya masa, ina tsaye. Yamusa ya daɗe riƙe da fartanya.

"Kada Azumi ta ji," in ji shi. "Gara ta ce an cuce ni, da ta san idonta na ɗora wa Mato."

Shekara shida yana jan ta da sanda zuwa kasuwa kafin tarin ya gama da shi. Kullum ni nake yi mata kitso, tana tsine wa mutanen Gana, ni ina cewa amin.