Makircin da Aka Naɗe Tsire da Shi

Cikin duk shekarun da na yi ina sa kaki, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata rana da damina, lokacin ina Sufeto a sashen bincike a wani ofishinmu na kudancin Kano. Ga wanda bai san aikin ba, mu ake kawo wa ƙorafi mu bi diddiginsa, mu rubuta rahoto, Baturen 'yan sanda ya sa hannu. Abin da ya fi ƙarfinmu sai a tura shi Kano tare da wanda ake zargi, kuma wanda aka tura da zargin ta'addanci, sai dai iyalinsa su bi shi da addu'a.

Da hantsi wani dillalin shanu ya shigo yana haki, riƙe da takarda duk mai da yaji. Tsire ya saya a kasuwar Tudun Wada, bayan ya cinye idonsa ya faɗa kan rubutun da aka naɗe naman da shi. Ga abin da ke ciki: "Kanar ya ce a tare gadar hanyar Riruwai kafin gari ya waye. 'Yan ƙungiyar sirri sun saye manyanmu, kada ku yarda da kowa."

Ogana, wato Baturen 'yan sandan, mutumin kirki ne, amma Allah ya zuba masa gaggawa. Sau ɗaya ya karanta ya miƙe tsaye.

"Sufeto, kafin la'asar ina son mai wannan takarda a bayan kanta. Gobe da safe sai Kano."

"To, Yallaɓai."

Na nufi kasuwar. Mai tsire da ya ga kaki ya hau rantsuwa tun ban tambaye shi komai ba. Ya ce takardun da suka lalace yake kwasowa daga wani shagon buga takardu. Na kwashe sauran da ke ƙarƙashin teburinsa na nufi shagon. Matar da ke bugawa ta ce aikin Saje Mamuda ne, wani tsohon soja mai ritaya da ke noman masara a wajen Doguwa. Da Oga ya ji an ce tsohon soja, nan take ya sa aka rubuta takardar tura shi Kano. Aka je aka ɗauko dattijon daga gona, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ƙame mana irin ta soja, ya shiga bayan kanta.

Ka'ida ita ce mai bincike ya karanta shaidar da ke hannunsa gaba ɗaya kafin ya rubuta rahoto. Gaskiya da gunaguni na fara, don tebur ɗina ya koma warin ƙuli-ƙuli. Na jera shafukan bisa lambobinsu. Can sai na tsinci kaina ina jin haushin mai tsire, don ya sayar da nama da shafin da jarumin labarin zai tsallake katanga. Sannan na ci karo da shafi na arba'in har guda uku. A na farko an harbe Kanar. A na biyu ya faɗa kogi. A na uku kuwa yana nan daram, har yana neman auren wata likita.

Na kwasa na kai wa Oga.

"Yallaɓai, mutum ɗaya ya mutu sau biyu, yanzu kuma yana neman aure. Ko dai aljani muke bincike, ko kuwa littafi ne."

Bai yi dariya ba. Ya ce a kawo Saje. Dattijon nan da ya ga shafukan, ba kamun ne ya dame shi ba, fuskarsa kunya ta nuna.

"Haba Yallaɓai, ai waɗannan na watsar ne. Gyararren yana gida, ya fi wannan daɗi nesa ba kusa ba."

"Bar zancen daɗi, Baba," in ji Oga. "Idan ƙage ne, me ya kawo gadarmu da garuruwanmu a ciki?"

Saje ya kalli taɓon ƙafarsa.

"Mu biyar muka tafi daji yaƙi da 'yan ta'adda daga yankin nan. Ni kaɗai na dawo. A littafin nake so su dawo gida ta wannan gadar, shi ya sa na kasa kashe Kanar ɗin."

Ni dai na ji kunya ƙwarai, don da safe ni ma na ɗauke shi mugu. Oga ya jawo takardar Kano ya yaga, ya sa aka kawo wa Saje ruwa, ya ba shi haƙuri da bakinsa. Har ya raka shi ƙofa, sai na ji ya rage murya.

"Baba, wai cikin manyan nan, wane ne maci amanar?"

"Sai littafi ya fito, Yallaɓai."

Abin da na ɗauka daga wannan rana, kuma nake gaya wa ƙananan ma'aikata, shi ne kusan duk wanda aka kawo gabanmu shafi ɗaya na labarinsa aka kawo mana. Kafin ka sa hannu a tafi da uban wasu, ka tashi ka nemo sauran shafukan.