Mai Jan Fenti da Bangon Yayarsa

Kafin akawu na farko ya iso sakatariyar ƙaramar hukuma, Mai Ja ya riga ya buɗe ɗan siton da ke bayan sashen filaye, inda ake jibge karyayyun kujeru da tsoffin allunan sanarwa. Zai durƙusa ya ɓamɓare murfin gwangwanin fenti da bakin cokali, ya dama da wani guntun sanda da ya fi rabin ma'aikatan daɗewa a wurin, ya kwance burushinsa daga ledar da ya naɗe shi jiya, ya murza gashin a tafin hannu ya ji ko ya sandare. Sai ya rataya gwangwanin a ƙahon kekensa, ya jira a gaya masa unguwar da za shi. Haka ya yi shekara talatin da ɗoriya, har watan jiya da aka sallame shi ritaya. Ba a yi masa taro ba, ba a ɗauki hoto ba. Wa zai tara mutane don wanda aikinsa shafa jar alama a bangon jama'a?

Ga wanda bai san aikin ba, a ofishin shugaban sashen akwai wata babbar taswira da aka raba gari a kanta da launi. Rawaya wurin gidaje, kore filin makaranta da na wasa, ruwan ƙasa wurin kasuwanci, shuɗi kuwa hanyar ruwa. Duk filin da ba na wani ba ne yana hannun ƙaramar hukuma, wai amana take riƙe wa jama'a. In mutum ya yi gini inda ba a ware don gini ba, kwamitin filaye ya zauna ya yanke hukunci, a aiko a shafa jar alama, wa'adi ya cika, katafila ta biyo baya. Masu yanke hukuncin suna can ƙarƙashin fanka, ba wanda ya san kamanninsu. Fuskar da gari ya sani ta Mai Ja ce, ita kuma ake tsinewa.

Ya sha tsokana har ya saba. In ya shiga shagon aski, mai askin zai ce, "Aski ka zo ko aiki? In aiki ne bari in kwashe madubina." In ya jingina da bango a kasuwa, sai ka ji an ce, "Ɗan matsa, bangon nan muna sonsa." Wannan na masu raha ke nan. Wasu in ya miƙa musu hannu sai su dubi jan da ya zauna a faratansa da tsagun yatsunsa, su sa nasu hannun a aljihu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa wata ɗabi'a ce da ba doka ta ɗora masa ba. Mai Ja ba ya shafa wa bango ja sai mai bangon yana tsaye a gefensa. Abokan aikinsa sukan faki lokacin da maza suka fita nema, su dirga daga mota, su zabga alama, su arce kafin fentin ya gama zuba. Shi sai ya jingine keke, ya yi sallama, ya nemi mai gida. In ba ya nan, ya zauna ya jira. In bai dawo ba, ya komo gobe. In sun haɗu, ya gaya masa filin na mene ne, da abin da ya sa aka ware shi, da ofishin da zai kai kukansa, da yadda zai cire kwano da ƙofofi da tagogi kafin katafila ta mayar da su tarkace.

Direban sashen, wanda ya daɗe yana kai su aiki mai nisa, ya ce mini haushi ya sha kama shi.

"Na ce masa, kai wai duka kake nema? Shafa mu tafi mana! Sai ya ce, 'Mutum ya dawo daga nema ya tarar da ja a bangonsa, wa zai tambaya? Bangon? Gara ya zage ni, ya san da mutum ya yi.'"

An kuwa zage shi. An watsa masa ruwan wanki, an sakar masa kare, wani ya fasa masa haƙorin gaba cikin fushi, shi kansa bai san ya kai hannu ba. Amma wani mai faci da aka tashi rumfarsa daga gefen titi ya ce mini, "Ni na tsine masa ranar, har uwarsa na haɗa, Allah ya yafe mini. Da ya gama shafawa bai tafi ba. Ya ajiye gwangwani ya kama mini muka sauke kwanon tare. Kwanon nan shi ne a kaina yau."

Kai ne mai kai mugun labari da ƙafarka, Mai Ja. Kai ne ba ka taɓa ɓuya bayan mota ba.

Uwar tasa da aka zaga, bai ma san ta ba. Ta rasu yana goye, yayarsa ce ta raine shi. Ita ta yi masa wanka, ita ta koya masa kai loma baki, ita ta hana kanta sutura ya yi ɗan karatun da ya samu aiki da shi. Har furfura ta cika masa kai, Auta take kiransa. Da mijinta ya rasu, da keken ɗinki ta tara abin da ta sayi fuloti a hannun wani dillali, can cikin kwarin da ke bayan tasha. Mai Ja ya ce mata wurin shuɗi ne a taswira. Ta ce, "To ba ni wani, Auta." Ba shi da wani. Ta gina ɗakunanta, bulo bayan bulo, ta dasa bishiyar lemo a tsakar gida, ta aurar da 'yarta daga nan.

Sai wata shekara, gab da damina, kwamiti ya yanke a share kwarin kaf, a buɗe wa ruwa hanya. Gidan Yaya na ciki.

Direban ya ce ya ja shi gefe. "Wannan gidan bar mini shi. Ka ce ba ka da lafiya, ni zan shafa, ba sai ta gan ka ba."

"In ja zai hau bangon Yaya," in ji Mai Ja, "ba baƙo ne zai shafa shi ya gudu ba."

Ya same ta a kan keken ɗinki. 'Yarta, wadda ta ba ni wannan labarin, tana wurin. Tsohuwar ta ɗago da fara'a, ta ce, "Auta, yau da sassafe? A kawo wa kawunki kujera." Sai idonta ya sauka kan gwangwanin. Ƙafarta ta tsaya a kan keken.

"Aiki ya kawo ni, Yaya. Ki fito ki tsaya."

Ta fito ba ko mayafi. Ya yi mata bayanin da yake yi wa kowa. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, "Hannun nan ni na wanke shi yana ƙarami. Da shi za ka yi?"

"Ruwa ne zai bi ta nan, Yaya. In ba a buɗe ba, unguwar can ta ƙasa za ta nutse, ke ma wata rana ya same ki cikin barci. Ba wanda zai zauna a wurin nan bayanki."

"Ka rantse?"

"Na rantse da Allah."

"To shafa. Amma daga yau ka nemi wadda za ka riƙa kira Yaya."

Ya shafa. 'Yar ta ce fentin ya yi ta zuba daga burushin, alamar ta fito a karkace. Ya roƙe ta ta koma ɗakinsa, shi da iyalinsa su matsu. Ta ƙi. Ta koma wani ɗakin haya kusa da 'yarta, ɗaki ɗaya da keken ɗinki da katifa. Katafila ta zo ta yi aikinta, har bishiyar lemon.

Tun daga nan, duk ƙarshen mako yakan je ya tsaya a bakin ƙofarta ya gaishe ta. Sai ƙarar keken ɗinki ta amsa masa. Da idonta ya mutu ta daina ɗinki, sai shirun kawai. Abin da ya kawo a leda, a nan bakin ƙofa yake kwana. Abu ɗaya yake riƙe da shi yana jurewa: ya rushe mata gida, amma bai yi mata ƙarya ba. Kwarin yana nan fayau, ruwa na wucewa.

Bana kwamitin filaye ya sake zama. Ban san abin da aka faɗa a ɗakin ba, ba a gayyace ni ba, ba a gayyaci kowa daga cikin waɗanda aka tasa ba. Abin da na sani, an sauke taswirar an rataya sabuwa, kwarin da yake shuɗi ya wayi gari ruwan ƙasa. Wai an yi nazari, za a binne bututu ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Motocin ƙasa suka fara cike kwarin, aka haƙa harsashin jerin shaguna. Na tsakiya ya hau daidai inda ɗakin Yaya yake.

Mai Ja ya shiga ofishin shugaban sashe, abin da ba ya yi sai an kira shi.

"Ranka ya daɗe, ruwan fa?"

"Kwamiti ya zauna. Kai aikinka fenti."

"Na rantse wa tsohuwa ba wanda zai zauna a wurin."

Shugaban ya cire tabarau ya dube shi, ba da mugunta ba ma, da mamaki. "Wa ya aike ka rantsuwa?"

Nan ne kuskurensa, in kuskure ne. Ya ɗauka launin taswira magana ce da aka yi ba za a sake ba, har ya ɗora sunan Allah a kanta. Ya daɗe yana kallon takardar nan a bango, bai taɓa kawo wa ransa cewa ƙusa ce kawai ke riƙe da ita ba.

Washegari ya dama fentinsa kamar kullum, ya hau keke, ba umarnin kowa, ya nufi kwarin. Ya tambayi leburori mai ginin, suka ce ba ya nan. Da wani ne da ya shafa ya huce haushinsa ya tafi. Shi sai ya zauna a kan bulo. Ya yi kwanaki yana zuwa yana zama, leburori na yi masa dariya, har ranar da mutumin ya zo duba aiki cikin motarsa.

"Ranka ya daɗe, kai ne mai ginin nan?"

"Ni ne. Lafiya?"

"Wurin nan hanyar ruwa ne. Ka tsaya nan ka gani."

Ya shafa jar alama babba a bangon da ya fara tashi, wannan karon ba ta karkace ba. Mutumin ya yi dariya, ya ciro waya. Kafin rana ta yi sanyi an bi alamar da farin fenti. Kafin mako ya zagayo an ba Mai Ja takardar tuhuma, an karɓe makullin sito, an kuma tuna cewa shekarunsa na aiki sun cika. Shagunan suna nan tsaye, an sa musu ƙofofin ƙarfe. Ruwan farkon damina da bai sami hanya ba ya shiga unguwar ƙasa, na ga mata suna shanya katifu da littattafan 'ya'yansu a kan katanga. Bututun har yau ba wanda ya gan shi.

Ba zan ce ya yi nasara ba, don bai yi ba. 'Yar Yaya ta kai wa uwarta labarin abin da ya yi. Tsohuwar ta ce, "Mai ginin yana tsaye?"

"Yana tsaye, Mama."

"An rushe?"

"A'a. An shafe da fari."

"To rantsuwarsa tana nan a wuyansa."

Duk da haka muna gode maka, Mai Ja. Kai ne ka shafa wa talaka ja kana kallon idonsa, ka shafa wa 'yar uwarka kana kuka, ka shafa wa mai mota da burushin nan guda. Kai ne ka ɗauki zagin da ba naka ba shekara da shekaru, ba ka taɓa cewa aiko ka aka yi don ka tsira ba. Allah ya saka maka, tun da mu mun kasa. Ku da kuka gaji gwangwanin, ku sauko daga mota, ku yi sallama, ku jira mai gida. Ku kuma masu zama a ƙarƙashin fanka, kafin ku sake launi a taswira, ku je ku tsaya a gaban wanda kuka tasa ku gaya masa da bakinku. Abin da tsohon nan ya yi a kan keke bai fi ƙarfinku ba.

Ranar da aka sallame shi, 'yar Yaya ta zo gidansa da wata 'yar kwalbar kananzir da tsumma. Ta ce, "Kawu, Mama ta ce ka wanke hannunka ka zo." Ya yi kwanaki a bakin famfo yana dirza, har fatar yatsunsa ta tsage, har matarsa ta ɓoye kwalbar. Sannan ya sa rigarsa mai kyau ya tafi.

Ya tsaya a bakin ƙofa inda ya saba tsayawa. Aka ce ya shigo. Tsohuwar tana kwance a kan katifa, ta rame, ba ta gani. Ya durƙusa. Ta miƙa hannu tana lalube har ta kamo nasa, ta shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta kai su hancinta ta shinshina.

"Har yanzu da saura," ta ce.

Ya ce, "Yaya."

'Yarta ta ce har ya gaji da durƙuso ya zauna a ƙasa, har abincin da aka kawo ya huce, tsohuwar ba ta ce masa Auta ba, ba ta kuma saki hannun ba.