Baba Mai Makulli da Koren Ɗigo

Bari in tona wa kaina asiri. Shekara goma sha tara ina koyar da kimiyya, amma har yau in aka kawo maganaɗisu kusa da kwalbar gwajin lantarki ta makarantarmu, ban san hagu koren ɗigon da take nunawa zai yi ko dama ba. Littafi ya ce a miƙe yatsu uku a gane. Ni in na miƙe nawa, sai ka ce jijiya ce ta riƙe ni.

Wanda ya sani shi ne Baba Mai Makulli, mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu. Kafin bakwai ya buɗe, ya ja labule, ya goge doguwar kwalbar da tsohuwar hularsa, ya kunna ta ta ɗumama. A cikinta ƙwayoyin lantarki ke shararowa su bugi gilashin gaba, su bar koren ɗigo. In an ba farantan ƙarfen ciki wuta, ɗigon ya karkata wajen wanda ke jan sa. Wannan ko ni na iya. Maganaɗisu ne ɗan rainin hankali, ba ya ja, ba ya turawa, gefe yake kautar da su.

To, duk sanda na tambayi ajin ina ɗigon zai nufa, sai Baba ya koma bayan ɗalibai ya ɗan karkata kai ta gefen da zai bi. Ni kuma in faɗi amsa da muryar masana. Ran da wata ɗaliba ta gano mu, cewa ya yi wuyansa ke ciwo, har da neman man zafi.

Baba, kai ne ka rufa mini asiri, ni na sha tafi. Ko a taron iyaye ban taɓa ambaton ka ba.

Juma'ar nan ya yi ritaya. Da zai miƙa mini makullan, bai roƙi komai don kansa ba.

"Malam, kwalbar nan ita kaɗai ta rage. Kar a kunna ta da gaggawa, tsohuwa ce, sai da lallaɓa."

Na ce in sha Allah, idona a ƙasa.

Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku koyi tsayuwa a bayan aji irin tasa.

Ba a ɗauki kowa a gurbinsa ba. Tun jiya aka fara jibge karyayyun kujeru a ɗakin gwajin.