Kolataral

Umma ba ta jin Turanci, amma akwai kalma ɗaya da ta riƙe gam: kolataral. Ta tsince ta ne ranar da aka kawo gawar yayana gidanmu a unguwar Bulabulin, Maiduguri. Mai gyaran waya ne. Yana zaune a rumfarsa aka fara harbe-harbe a bakin titi, harsashi ya same shi a wuya, kuma har yau ba mu san daga wane ɓangare ya fito ba. Wani jami'i ya zo gaisuwa, ya tsaya a zaure ko takalmi bai cire ba, ya yi wa abokin tafiyarsa magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Umma tana bayan ƙofa. Kalmar nan kaɗai ta kama, ta ɗauka ita ce sunan abin da ya kashe mata ɗa.

Ta tambayi liman, bai sani ba. Ta tambayi mai kemis, ya ce ai maiƙon jini take nufi, ta rage cin mai. Ku ji fa! Ni ina sakandare a lokacin, na ce ba a koya mana ba. Sai ta daina tambaya, amma nakan ji tana maimaita kalmar ita kaɗai idan tana tsintar wake, don kada ta kuɓuce mata.

Shekaru suka wuce. Na gama digiri, aiki shiru. Na ƙudurta neman gurbin digiri na biyu a ƙasar waje, kuma ba a shiga sai an ci wata jarrabawa mai cike da Turancin banki da kasuwanci. Akwai wani malami ɗan Biu, tsohon ma'aikacin banki, da ke koyarwa a garejin gidansa a Galtimari. Can nake zuwa bayan la'asar, a keke mai ƙafa uku, ina isa jiƙe da gumi.

Ranar farko ya rubuta "securities" a allo, ya ce wa zai fassara. Duk muka ɗaga hannu. Wa zai koya wa ɗan Maiduguri sikiyoriti? Wani ya ce sojoji, wata ta ce shingen bincike, ni na ce masu gadin masallacin Juma'a. Malam ya yi dariya har da tari, ya ce takardun hannun jari ne. Mu ma muka yi dariya, amma ni raina ya ɓaci. Kalmar da ta hana mu fita bayan magariba shekara da shekaru, ashe a wajen wasu takarda ce da ake cin riba da ita.

A mako na uku ya rubuta "collateral". Ya ce jingina ce, gida ko gona da mutum ke ajiyewa kafin a ba shi rance. Da aka tashi na tsaya, na ce, "Malam, idan mutum ya mutu aka ce kolataral fa?"

Ya dube ni, ya ajiye allin. Bai tambaye ni wa ya mutu ba, shi ma ɗan jihar nan ne. Ya ce, "Wannan wata ma'ana ce, 'yata. Ɓarnar da ta faɗa a gefe. Wanda ba shi aka nufa ba."

Na koma gida da niyyar yin shiru. Amma ni da baki nake hadda, kamar a islamiyya, ba na riƙe abu sai na faɗe shi da ƙarfi. Washegari da hantsi ina tsakar gida ina bita, kalmar ta suɓuce mini. Umma tana wanke-wanke. Na ji ƙarar kwanon da ta saki.

"Me kika ce?"

"Karatu nake yi, Umma."

"Maimaita."

Na maimaita. Ta goge hannu a zaninta, ta zo ta zauna a gabana kan turmi. Ta ce, "Ashe tana cikin littafinku. Faɗa mini."

Na ce ma'ana biyu gare ta. Na fara da ta biyun, don ita ce gaskiyar abin da jami'in nan yake nufi, kuma ban iya yi wa Umma ƙarya ba. Na ce ba shi aka nufa ba, yana gefe ne kawai, abin ya rutsa da shi.

"A'a," in ji ta. "Wata tara na ɗauke shi. Ba gefe ba ne. Ɗayar fa?"

"Jingina."

Ta jujjuya kalmar a ranta. Jingina kam ta san ta, ta taɓa jinginar da keken ɗinkinta lokacin jinyar Baba, ta kuma fanso shi. Na ga fuskarta ta saki, abin da rabona da gani tun ranar jana'izar yayana, kuma wannan ya fi kukanta tayar mini da hankali.

Na ce, "Umma, jami'in ba wannan yake nufi ba."

"Ke kika ji shi ko ni?"

Daga ranar ta ɗauki karatuna ya zama nata. Ita ke kai wayata caji shagon maƙwabcinmu idan babu wuta, ita ke korar 'yan hira idan ina bita. Ni kuwa na tsani karatun. Kowace kalma na haddace sai in ji kamar ina taya ta gina abin da zai rushe a kanta. Na sake gwada yi mata bayani sau biyu, ta ce in bar ta.

Ranar da zan tafi Abuja rubuta jarrabawar ta raka ni tasha, abin da ba ta saba ba. Na riga na shiga mota, ta miƙo mini ƙullin dabino ta taga, ta riƙe hannuna.

"Ki ci jarrabawar nan," in ji ta. "Idan kin je can kin iya harshensu sosai, ki bincika mini wanda ya karɓi rancen. Ba faɗa zan yi da shi ba. Na san yaron ba zai dawo ba, ban haukace ba. So nake kawai in ji me aka karɓa da aka ajiye shi."

Direba ya tayar da mota. Na ce, "To, Umma."