Gammon Tsohon Ba'indiye a Gindin Uhudu

Akwai wani yammaci a Madina da ba na jin zai bar zuciyata muddin ina da rai. Shekaru sun shuɗe, kuma mai yiwuwa na manta wasu bayanan, amma in na rufe ido ina ganin jan dutsen nan da farin gemun tsohon.

A lokacin ban daɗe da gama karatun harhaɗa magunguna ba, na samu aiki a wani kantin magani. Ina haya a unguwar Bani Harisa, a gidan wata Hajiya da kakanninta suka zo aikin hajji daga Katsina suka zauna. Ita ta laƙaba min suna Malam Wataƙila, domin ko ruwa aka tambaye ni zan sha, sai na yi nazari.

Maƙwabcinmu injiniya ne ɗan Indiya, yana zaune da mahaifinsa, tsoho mai ciwon sukari wanda mantuwa ta fara kamawa. Tsohon ya taɓa aiki a Jidda, don haka muna fahimtar juna da Larabcin kasuwa. Musulmi ne gaba da baya. Sai dai a ƙuruciyarsa abincinsa a kan dutsen mabiya addinin Hindu yake. Akwai ɗakin bautarsu a ƙololuwar dutsen garinsu, shi da 'yan'uwansa kuma su ke ɗaukar tsofaffin maziyarta a kujerar da aka ɗaure a jikin gora, su hau da su, su sauko da su.

Rannan bayan la'asar Hajiya ta buga min ƙofa, tana magana da Hausarta mai gauraye da Larabci. "Ya waladi, tsohon Ba'indiyen nan ya fita, ɗansa yana shugul a wurin aiki, ga shi tsohon bai ci komai ba tun safe. Yalla, ka bi hanyar jabal, dutsen Uhudu!"

Na ce, "Wataƙila masallaci ya…"

"Wataƙila a gidanku! Kullum dutsen nan yake kallo ta taga. Tafi!"

Gaskiyarta. Na same shi zaune a kan wani falalen dutse a gindin Uhudu, nesa da inda maziyarta ke taruwa. Ya ninke ɗan tawul ya aza a kafaɗa kamar gammo. Hannunsa na rawa, gumi mai sanyi ya jiƙe masa goshi. Na san abin da wannan ke nufi: sukarinsa ya yi ƙasa, in aka yi wasa zai iya suma. Na miƙa masa dabino, ya ture.

"Ba a ci sai fasinja ya sauko," in ji shi. "Na hau da wata tsohuwa da safe. Tana sama."

Na ce, "Baba, nan Madina ce. Ina jin babu kowa a sama."

Ya dube ni kamar yadda ake duban yaro mai shirme, ya nuna min dutsen. Ga matakalu can, in ji shi, ga bishiyar da mata ke ɗaura jan zare. Na kira ɗansa a waya, sannan na zauna kusa da shi, don ban san abin da zan yi ba kuma.

Sai ya soma ba ni labari, muryarsa a hankali. Mutanen garinsu suna cewa wata makiyayiya ce ta bi saniyarta da ta ɓace har ƙololuwar dutsen, ba ta ƙara saukowa ba, ta zama uwar dutsen. Hazon da ke lulluɓe shi da asuba mayafinta ne take shanyawa. Akwai marmaro a wani gurbi mai kama da sawun kofato, wai bai taɓa ƙafewa ba. Birai bayinta ne, shi ya sa in sun ƙwace maka ayaba ba ka zagi. Wanda ke son gida yakan jera 'yan duwatsu a gefen hanya, ya bar mata ta gani.

Ni, a garin Manzon Allah (SAW), ina sauraron labarin abin bautar wasu? Na yi istigfari a zuci, na ce, "Amma Baba, kai ba ka yarda da wannan ba ko?"

Ya yi dariya. "Allah ɗaya ne, ɗana. Su suna hawa su gan ta. Mu muna hawa ne don kada kakar wani ta faɗi."

Rana ta sunkuya, Uhudu ya yi jawur kamar garwashi. Ban sani ba ko gajiya ce, amma na ɗan lokaci sai na ga kamar dutsen ya yi kore, kamar ina jin ƙarar ƙananan ƙararrawa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Rawar hannunsa ce ta dawo da ni. Ta ƙaru, maganarsa ta fara sarƙewa.

Zan iya ce masa tsohuwar ta sauko, amma bakina ya ƙi ƙaryar. Sai na tambaye shi, "Baba, in mai ɗauko ya gaza, fasinja bai sauko ba, yaya kuke yi?"

"Sai ya ba wani gammonsa. Wanda ya karɓa shi ke da jira."

Na miƙa hannu. "Ba ni."

Ya daɗe yana kallon kafaɗuna. "Ba ka da ƙwari," ya ce. Duk da haka ya cire tawul ɗin ya aza min. Sannan ya karɓi dabino ya ci, ɗaya bayan ɗaya. Kafin ɗansa ya iso da mota rawar ta lafa.

Injiniyan ya ce in shigo mu tafi. Na ce su yi gaba. Na riga na karɓi jira, kuma ban ga yadda zan tashi nan take ba tare da na zama maƙaryaci ba. Na zauna ni kaɗai da tawul a kafaɗa, ina kallon inuwa na hawa dutsen, har aka kira magariba.

Da na koma gida na ba Hajiya labari, ta riƙe haɓa. "Wallahi kai majnuni ne. Wa ka jira?" Amma ta zubo min shinkafa da nama fiye da kullum.

Washegari na mayar masa da tawul ɗinsa. Na ce, "Baba, na jira har magariba, ba wanda ya sauko."

Ya gyaɗa kai cikin natsuwa. "To ta bi ta ɗaya hanyar. Tsofaffin nan haka suke." Ya gyara filo ya yi barcinsa.

Abin da na koya a ranar shi ne, wanda ya ɓace a cikin tunaninsa ba da gardama ake dawo da shi ba. Ba sai ka gaskata dutsensa ba, ba kuma sai ka yi masa ƙarya ba. Ka tambaye shi abin da ya ɗauko, ka karɓa, ka riƙe masa da gaske.