Ranar da Muka Sussuke Ordinater

Na shiga lakkwal, wato makarantar boko, don in guje wa turmi ne, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Tun ina 'yar mitsitsiya na lura cewa yarinyar da ke riƙe da littafi ba a cika miƙa mata taɓarya ba. Sai na rungumi littafi hannu bibbiyu, na bi shi har Damagaram, na dawo Dungas da takardar shaidar na iya aikin ordinater, na'ura mai ƙwaƙwalwa. Inna ta juya takardar gaba da baya, ta ce to madalla, ta cusa ta ƙarƙashin katifa.

Aikin da na samu a ƙungiyar manoman yankinmu ne, kuma kowa ya san ta inda na bi. Shugaban ƙungiyar kawuna ne, yayan Inna, wani dogon tsoho da bai taɓa sa yatsa a ordinater ba, amma yana yi masa irin kallon da yake yi wa jaki a kasuwa kafin ya taya. Shi ya miƙe a taro ya dafa ƙirji ya ce ba ya ganin dalilin ɗauko baƙo daga birni alhali ga 'yar gida. Aka ba ni wata uku na gwaji. In sun cika, injiniya zai zo daga Damagaram ya duba. In aiki ya yi, in zauna. In bai yi ba, a maida aikin birni, ni in koma gida inda turmi ke jirana, Kawu kuma ya rasa inda zai sa fuskarsa a gaban dattawan da ya yi wa alkawari.

Kawu bai taɓa kiran sunana ba. Ƙanwa yake ce mini, alhali ni 'yar ƙanwarsa ce. Na ɗauka tsokanar kawu ce kawai, ban taɓa tambaya ba.

Ƙungiyar tana da manyan ordinater guda uku da muke ce wa sarbar, ɗaya a Dungas, ɗaya a Dogo-Dogo, ɗaya a Guci. A cikinsu ake ajiye sunayen manoma, da irin shukar da aka raba wa kowa, da awon ruwan sama. Matsalar ita ce in ɗaya ta mutu, ba mai ji sai ranar kasuwa, in wani ya tuna ya faɗa. Ni aka ce in kafa manhajar da za ta riƙa gadinsu. Aikinta ta riƙa tambayar kowace sarbar: kina nan? Zafi ya yi miki yawa? Batir fa? Rezo, wato layin sadarwa, yana kamawa? Amsoshin nan dole a sami wurin zuba su, wurin shi ake kira baz. Da na yi wa Kawu bayani sai ya ce, "Rumbu ke nan." Na ce eh, kusan haka. Da na san abin da wannan eh ɗin za ta jawo mini, da na haɗiye ta.

Kwana uku na yi ina kafa baz ɗin. Ranar farko rezo ya yi ta ɗaukewa, abu ya sauko ya kusa ƙarshe sai ya tsaya, in koma farko. Rana ta biyu na buɗe wa manhajar suna da kalmar sirri, na jera mata teburan bayanan da za ta cika, amma ta ƙi shiga. Na zagi na'ura, na zagi wanda ya ƙera ta, na kusa zagin pano mai tara wutar rana da ke kan rufi, sai da la'asar na gano ni ce na manta ban ba ta izinin rubutu ba. Rana ta uku komai ya tashi. Wani babban allon gilashi da muka rataya a biron Kawu, wato ofishinsa, ya nuna gidaje uku, Dungas, Dogo-Dogo, Guci, duk kore shar. Daɗi ya kwashe ni, na ce ba kowane minti biyar za a riƙa tambayarsu ba kamar yadda aka koya mana, kowace daƙiƙa goma za a yi. Ina so in injiniya ya zo ya ga cewa a Dungas ma akwai masu kai.

Kawu ya ƙaunaci allon nan. Da safe in ya shigo sai ya tsaya gabansa, hannu a baya, ya ce, "Guci an tashi lafiya." Duk baƙon da ya zo, ko taki ya zo tambaya, sai an kai shi ya gani kafin a ba shi ruwa.

A sati na biyu na yi kuskuren yi masa ƙarin bayani. Na ce akwai wani sashe a manhajar da ke bi yana goge amsoshin da suka wuce kwana goma sha huɗu, don wuri kar ya cika.

Ya juyo a hankali. "Yana me?"

"Yana gogewa, Kawu. Tsoffin."

"Abin da aka tara?"

"Ba su da amfani, Kawu. Wa zai tambayi zafin sarbar Guci na ranar Talatar da ta wuce?"

"Ƙanwa," ya ce, "ina da rai, ina kan kujerar nan, ba mai buɗe rumbu ya zubar da abin da ke ciki. Kashe mai gogewar nan."

Na kawo hujja, ya kawo tsawa. Na ce disk ɗin da ake tara su a ciki ƙarami ne, ya ce rumbun ubansa ma ba babba ba ne. Raina ya ɓaci, ni ma kuwa ba a bar ni a baya ba wajen taurin kai, jini ɗaya ne. Na ce a zuciyata to shi ke nan, ya gani da idonsa. Na kashe abin a gabansa. Na yi niyyar in sake kunnawa a ɓoye bayan kwana biyu, sai rabon iri ya zo, aka yi ta kirana nan da can, na manta sarai.

Abin da ya faru daga baya, sai da na zauna na gano shi. Baz ta yi ta haɗiyar amsa kowace daƙiƙa goma har disk ya cika maƙil. Daga nan ba ta iya rubuta sabo, tsohon kawai take iya karantowa. Allon Kawu ya ci gaba da nuna abin da ya gani na ƙarshe, wato kore.

Saura kwana uku injiniya ya zo, ranar kasuwa da hantsi, ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar biro. Magatakardan ƙungiya na Guci ya sauko daga bayan moto, rungume da wani abu naɗe cikin bargo kamar mai kai yaro asibiti. Ya yi sallama, aka gaisa, aka tambayi gida da gona da dabbobi, sannan ya ajiye abin a ƙasa, daidai ƙarƙashin allo, ya buɗe bargon. Sarbar Guci ce. Gara ta bi ta bango ta shige ta, har ta yi gini a ciki.

"Yau kwana tara ke nan da ta yi shiru," in ji shi. "Mun ce tunda kuna da allo kun gani, muna ta jiranku."

Kawu ya dubi sarbar da ke ƙasa. Ya ɗaga kai ya dubi allo. Guci tana nan kore shar, zafinta daidai, batir cike. Ya sake duban ƙasa. Akwai dattawa huɗu a biron, ɗaya daga cikinsu ya kama tari da ba na gaskiya ba.

Da suka fita na buɗe baki, kuma ban tauna maganar ba. Na ce ga rumbunku nan ya cika har ya shaƙe mai gadi. Ya ce ai ni aka kai karatu, ba shi ba. Na ce ku bar ni in goge. Ya ce in na goge, in bi abin da na goge. Na fita na buga ƙofa, abin da ban taɓa yi masa ba.

A gida na tarar da Inna tana sussuka a tsakar gida. Na zauna bakin turmi ina zuba, ita tana luguden taɓarya. Na ce yayanta zai kashe mini aiki saboda shara. Ta bari sai da na gama, sannan ta jingine taɓaryar.

"Kin san abin da ya sa yake ce miki Ƙanwa?"

Na ce a'a.

Ta ce wata shekara suna yara, shuka ta yi kyau ƙwarai, gero ya fara fitar da kai. Babansu ya ga rumbu ba zai ɗauki sabo ba, sai ya fitar da tsoffin dammai ya rabar, wasu ya kai kasuwa. Kawu ne, yana saurayi, ya shiga rumbun ya riƙa miƙo su waje da hannunsa. Sati bai cika ba ruwa ya ɗauke, bai dawo ba. Kafin wata damina sun rasa autarsu. Sunanta aka sa mini.

Kunya ta kama ni, da tausayi, da haushin kaina na buga wa tsoho ƙofa.

Inna ta ɗauki ƙwarya ta fara shiƙa. Iska ta kwashi ƙaiƙayi ta watsa mini a ido, ina jin da gangan ta tsaya ta wannan gefen. Ta ce, "Amma ko kawun naki bai taɓa hana a sussuka ba. Dami guda ya cika ɗaki, in an sussuke ya shige 'yar ƙwarya. Ke da kika gudu daga turmi ina za ki sani."

Na sani mana, sai dai da wani suna aka koya mini shi. Manhajar tana iya tattara dubban amsoshi na kowace sa'a ta matse su, ta ajiye matsakaici da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, sannan ta zubar da sauran. Da wannan ya kamata in fara tun farko, amma kalmar gogewa na zaɓa don ta fi kama da ta masu ilimi.

Washegari na tafi biro da zangarniyar gero ɗaya a jaka. Na durƙusa na gaida Kawu, na ba shi haƙuri, ya amsa ciki-ciki. Na murza zangarniyar a tafin hannu, na hure, na miƙa masa tsabar.

"Ba zubarwa zan yi ba, Kawu. Sussuka zan yi."

Ya daɗe yana juya tsabar da yatsa. "Ƙaiƙayi kaɗai zai tafi?"

"Shi kaɗai."

"To. Amma ba a sussuke duka. Ana ware na iri."

Na ce Kawu ba shuka shi za a yi ba. Ya ce ko a ware ko a fasa. Haka na haɗiye maganata, na nemo wani disk na hannu a durowa, na kwafe baz ɗin gaba ɗaya a ciki, ina ƙunƙuni. Ya karɓa ya sa a aljihun gaba. Sannan ya ce shi zai danna. Na nuna masa maɓallin, ya yi bismilla, ya danna da ƙarfin da ya isa kashe kunama. Na maida tambayar minti biyar-biyar ba tare da na yi shela ba. Can sai allo ya motsa, Guci ta koma ja. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da mugun labari haka ba. Ya leƙa waje ya kira masu wucewa su zo su ga Guci ta mutu.

Injiniyan da ya zo wani siriri ne mai tabarau, ba ya dariya. Na gaya masa duk abin da ya faru, don na san zai gani. Ya rubuta. Ya duba baz, ya duba izini, ya duba mai gogewa, yana ta yin alama a takarda. Sai ya ce, "Madam, ina kwafin ajiyarki? Wanda ba cikin wannan gini yake ba, ko da gobara ko gara."

A wata uku ban taɓa tsara wannan ba.

"Na iri yake nufi?" in ji Kawu daga kujerarsa. Ya miƙe. "Taso, yaro."

Muka bi shi a ƙafa har gida, injiniya yana tsallake kashin awaki da takalminsa mai sheƙi. Kawu ya kafa tsani jikin rumbu, ya hau da kansa, ya hana kowa taimako, ya zura hannu ya fito da wani ɗan gora mai toshe da tsumma. Disk ɗin yana ciki, an barbaɗa wa goran toka saboda ƙwari. Injiniya ya hure tokar, ya jona a ordinater ɗinsa a kan gwiwa, ya duba. Ya ce komai yana nan. Ya ce tokar ba dole ba ce, amma a riƙa sabunta kwafin kowane sati. Ya sa hannu a takardar a nan gindin rumbu.

Na jira Kawu ya yi mini gori, don da ni ce da sai an ji ni har garin Magarya. Bai yi ba. Ya karɓi disk ɗin ya maida cikin gora, ya toshe, ya sake hawa tsanin a hankali, ni ina riƙe masa ƙafar tsanin. Ya daɗe a sama, kansa cikin rumbu, fiye da yadda ajiye gora ke bukata. Da ya sauko idonsa ya yi ja. Ya kakkaɓe hannu, bai dube ni ba.

"Ƙanwa," ya ce, "wannan karon na bar wani abu a ciki."